Ranar da Aka Ga Hancin Sittana Babu Zobe

Mahaifiyata Sittana ba doguwa ba ce, kuma ba mai ɗaga murya ba ce. Amma a ƙauyenmu na gaɓar Nilu, ƙetaren Dongola, in aka hango wani ƙyalli yana tahowa ta cikin gonakin dabino, kowa ya san ita ce. Zumam muke kiransa, zoben hanci na zinariya, mai faɗi kamar jinjirin wata. Sa'o'inta sun daɗe da ajiye nasu a ƙasan akwati, sai ranar biki. Ita kuwa da shi take kwana, da shi take tatsar akuya, da shi take tsayawa kan wutar gurasa har ya ɗauki zafi ta riƙa karkatar da fuska.

Kakarta ce ta huda mata hanci tana ƙaramar yarinya, da allura da baƙin zare. Ta ce ba ta yi kuka ba, domin an tara ƙawayenta suna kallo, sai dai ta ciji cinyar gwaggonta da ta danne ta, har tabon ya bi matar kabari. Da hujin ya warke aka zare zaren aka sa tsinken dabino. Shekarar da ta fara azumi aka canza mata tsinken da wani ɗan mitsitsin azurfa mai kama da kan kanumfari. Shi ta ɗauka har ranar aurenta, lokacin da surukarta ta cire shi da hannunta, ta zura mata zinariyar da mahaifina Dafalla ya sayo a kasuwar Omdurman. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa da dabino zuwa kudu, ya dawo da sukari da sabulu. Yakan tsokane ta ya ce, "Sittana, ki bar goge abin nan da toka, kina kashe wa kajina ido." Ita kuma ta ce, "Wanda ya rataya wa akuya ƙararrawa ai ba ya ƙorafin ƙara."

Ni kam kunne kawai ta huda min. Da na kai shekarun hujin hanci na gudu na ɓuya a bayan tulu. Ba ta matsa min ba. Ta ce, "Bar ta, Ihlas hancinta na shaƙar takarda ne." Haka kuwa aka yi, na shaƙi takarda har jami'a a Khartoum.

A ƙauyenmu matar aure mai zumam ba ta cire shi sai ranar da mijinta ya rasu. Wata dattijuwa ce take zuwa ta zare mata shi, ta cire mata awarwaro, a goge mata kwalli, a sauke ta daga gado zuwa tabarma, a yafa mata farin ƙyalle mai kaushi, ta shiga takaba. Ba a sanar da komai da baki. Duk wadda ta shigo ta ga hancin, ta gane. Yumma, haka muke kiran uwa, ta ga an yi wa mahaifiyarta haka, kuma ta ce abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ɗan ramin da ya rage a gefen hancin tsohuwar, wanda ya yi ta tsukewa har ya ɓace.

Ina kammala karatu yaƙi ya ɓarke. Ba zan ba da labarin yadda na fito daga birnin ba, domin har yanzu in ƙofa ta bugu da ƙarfi sai in ji hannuna ya saki abin da yake riƙe da shi. Na iso gida lafiya. Mahaifina kuwa ya ɗauki motarsa ya nufi kudu don ya kwaso wasu danginsa da suka maƙale, daga nan wayarsa ta daina shiga. Wani ya ce ya ga motar a ƙone a gefen hanya. Wani ya ce ya gan shi da ransa a wani sansani can yamma, ya rame amma yana tafiya. Shekara ta biyu ke nan muna tsakanin waɗannan maganganu guda biyu.

Yayansa, Ammi Awadulkarim, dattijo ne mai kirki, ba na so kowa ya ɗauke shi mugu. Shi ya goyi mahaifina suna yara. Yakan zo bayan sallar Juma'a ya zauna a bakin gadon igiya, Yumma ta kawo masa gahawa, ya yi ta juya ɗan kofin a hannu.

"Uwar Ihlas," yakan ce, "mutum ko ya tafi yana da haƙƙi a kanmu. A yi masa salla, a zauna masa, a yi sadaka. Mun bar shi rataye tsakanin sama da ƙasa."

"Sha gahawarka, Yaya, za ta huce."

"Kullum amsarki ke nan."

"Kullum kuma hucewa take yi."

Ya san ba zai kafa rumfar makoki matar gida tana yawo da zinariya a hanci ba. Mutane za su yi masa dariya, ko su ce ya ƙosa. Saboda haka yakan dubi hancin nata, ya yi ajiyar zuciya, ya tashi.

Ana cikin haka idon Yumma na hagu ya fara yin yana. Tun tana ɓoyewa har na kama ta tana zuba shayi a gefen kofi. Na ji labarin likitocin ido sun sauka a wani asibiti a Dongola, na lallaɓe ta. Ta yarda, amma da sharaɗi: kada kowa ya sani.

"Don me, Yumma? Ciwo ai ba abin kunya ba ne."

"Su ce kukan Dafalla ya makantar da ni? Wanda ake yi wa kuka har ido ya tafi ai matacce ne. Ki rufe bakinki."

Muka fita da sassafe kamar masu zuwa kasuwa, muka hau jirgin fito. A asibitin wata ma'aikaciyar jinya 'yar fara'a ta dubi fuskarta ta ce, "Hajiya, wannan kyakkyawan abu sai ya fita. Za a lulluɓe fuska, ba a son ƙarfe kusa da ido."

Yumma ta dafe hancinta. "'Yata, ku lulluɓe da shi. Ba ya cizo."

"Doka ce, Hajiya. In an gama ki mayar da abinki."

"Mijina yana da rai."

Yarinyar ba ta gane ba, 'yar birni ce. Ta yi murmushi ta ce, "Allah ya ƙara masa lafiya. Juyo nan." Na sunkuya na ce, "Yumma, babu wanda ya san mu a nan." Sai ta ɗaga haɓa. Maƙallin zumam ɗin ya ƙi buɗewa, shekaru sun kama shi, sai da aka ɗauko ɗan awartaki aka tanƙwara wayar. Da ya fito na ga gefen hancinta ya fi sauran fuskar haske. Ta damƙa min shi, ta tsaya har na ƙulle shi a bakin mayafina, ta ja ƙullin ta tabbatar.

Aiki ya yi kyau. Aka rufe idon da auduga da filasta, likita ya jero sharuɗɗa: ban da kwalli, ban da hayaƙin turare, ban da sunkuyo, ban da ɗaga murya ko yunƙuri. Maganin ɗigawa ya ƙare a wurinsu, aka ce sai bayan azahar wani kanti zai samu. Na ce mu mayar da zumam ɗin kafin mu fita, ma'aikaciyar ta ce a bari filastar ta kama tukuna, gefenta ya hau hancin. Yumma tana jin jiri, rana ta yi zafi, sai na yanke shawarar in kai ta gida ta kwanta in dawo neman maganin. Ta ja laffayarta ta rufe rabin fuska, na riƙe hannunta, muka bi ta bayan gonaki.

Daf da ƙofarmu iska ta ɗage laffayar. Maƙwabciyarmu Hala Nimat tana shanya a kan katanga. Na gaishe ta, ba ta amsa ba, ta dai tsaya da rigar jikanta a hannu, baki buɗe. Ban kawo komai a raina ba. Na kwantar da Yumma a ɗaki, na rufe taga, na ruga bakin ruwa don kada jirgi ya tashi ya bar ni.

Abin da ya faru a bayana daga baya aka ba ni labari. Hala Nimat ta ga an riƙo Sittana a hannu daga Dongola, fuska a rufe, ido babu kwalli, hanci babu zobe. Ba ta tambayi kowa ba, ai ba a tambayar irin wannan. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Gida ya ɗauka ya miƙa wa gida, har ya kai ga Ammi Awadulkarim a gonarsa. Ya zauna a kan kunya ya yi kuka, sannan ya tashi ya sa a kafa rumfa, a yanka rago, ya aika wa liman cewa bayan la'asar za a yi wa Dafalla sallar jana'iza ta wanda ba a ga gawarsa ba. Kowa ya ɗauka Sittana ta samo tabbataccen labari a birni.

Yumma kuwa barci ya kwashe ta. Ta farka ta ji ɗaki cike da mata a zaune a ƙasa, ana shessheƙa.

"Nimat? Ke ce? Wa ya rasu?"

"Haƙuri, Sittana. Haƙuri, 'yar'uwa."

"Na ce wa ya rasu?"

"Allah sarki," in ji wata daga baya, "abin ya taɓa mata kai."

Ta janye laffaya, suka ga audugar. Wata ta dafe ƙirji. "Wayyo, kuka ya cinye mata ido!"

"Babu kukan da ya ci min komai. Aikin yana aka yi min. Ku tashi ku ba ni wuri."

"To ina zumam ɗinki?"

"Yana hannun Ihlas."

"Ihlas ɗin tana ina?"

"Ta haye ruwa."

Suka kalli juna. "Ta tafi sanar da dangi, baiwar Allah."

An hana ta ɗaga murya, an hana ta yunƙuri, ga jiri. Duk abin da ta faɗa sai su gyaɗa kai cikin tausayi, domin sun sha ganin matan da suka ƙi yarda a ranar farko. Hancinta ya riga ya yi magana, bakinta kuma ba a jinsa. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo farin ƙyallen. Sai ta tattara ƙafafunta a kan gado, ta miƙe baya, ta riƙe katakon gadon da hannu biyu. Ta ce duk wadda take so ta sauke ta, ta zo ta gwada. Babu wadda ta gwada. Suka ce a bar ta, in ta ji an idar da salla za ta sauko da kanta. Ita ma ta san haka ne. In maza suka jeru suka yi wa mutum sallar nan, ya mutu ke nan a ƙauyenmu, ko da gobe ya shigo da ƙafarsa sai an yi ta kallonsa kamar baƙo.

Na sauko daga jirgi da maganin a hannu, rana ta fara karkata. Tun daga bakin ruwa na ji kukan. Na ce wa kaina ba gidanmu ba ne, na yi ta maimaitawa ina ƙara sauri. Da na sha kwana na ga rumfa a ƙofarmu, takalman maza jere a bakin tabarmi. Wani tsohon malaminmu na firamare ya taso ya ɗaga tafukansa a gabana, yadda ake ta'aziyya a wurinmu, ya ce, "Fatiha." Abin da nake tsoro tun ranar da wayar mahaifina ta mutu ya iso ke nan, haka na gani. Ban san na faɗi ba, sai ɗanɗanon ƙasa a bakina da hannuwan mata suna jan ni zuwa ciki.

Daga ɗaki na ji muryarta, ba da ƙarfi ba, irin wadda take kirana in na bar tukunya a wuta.

"Ihlas. Tashi. Babu labarin da ya zo. Kawo min abina."

Na rarrafa har bakin gadon. "Yumma, Baba..."

"Babanki yana inda yake jiya. Nimat ce ta kashe shi a kan katanga. Kwance ƙullin nan."

Sai a lokacin matan suka yi tsit. Na kama bakin mayafina, ƙullin ya ƙi sakewa, da haƙori na kwance shi. Zinariyar ta faɗo a tafina. Hala Nimat ta kalle ta, ta kalli kwalbar maganin idon da ke ƙasa, ta ce, "Na shiga uku."

"Ba ki shiga ba tukuna," in ji Yumma. "Ɗauko man riɗi."

A daidai nan ladan ya kira la'asar. Muka ji maza suna tashi alwala a waje.

Na yi ƙoƙarin zura mata, amma wayar ta karkace tun a asibiti, gefen hancin kuma ya kumbura saboda filastar. Hujin da bai taɓa zama fanko ba tun tana yarinya ya tsuke kamar yana fushi. Na soke ta a inda ba huji, ta ja numfashi.

"Ba ni nan, za ki huda min na biyu."

"Yumma, likita ya ce kada ki kai hannu fuska."

"Ido ya ce. Ban ji ya ambaci hanci ba. Nimat, riƙe min kai, kada ya sunkuya. Tunda ke kika jawo, ki yi amfani."

Hala Nimat ta durƙusa a kan gadon ta tallabe mata haɓa da hannu biyu, hawaye yana zuba, tana ta cewa, "Ki yafe ni, Sittana, wallahi idona ne." Wata ta miƙo madubi. Yumma ta ce, "Madubi? Da wane idon?" Wasu suka yi dariya suka toshe baki.

Ta gyara wayar a tsakanin yatsunta, ta tsoma bakin wayar cikin man riɗin, ta rufe ido mai lafiyar. Ta sa ɗan yatsa ta ciki, ta riƙa lalube a hankali, tana murzawa. Ya shiga rabi ya tsaya. Na ga gumi ya tsattsafo mata a goshi. A waje liman ya tayar da sallar farilla, a nan ƙarƙashin rumfa. Muna jin kabbara ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta yi motsi a ɗakin. Yumma ta ce bismillah, ta tura. Jini ya gangaro kan leɓenta, bakin wayar ya fito ta ciki. Ta matse maƙallin da farce.

"Ihlas, ba ni kafaɗarki."

Mata ba sa zuwa rumfar maza a ƙauyenmu. Ta dafa ni muka fita ta zaure, matan suna biye da mu daga nesa. An sallame, maza suna gyara sahu don sallar ta biyu. Yumma ta tsaya a bakin inuwar, inda rana ke dukan fuskarta, ta janye laffaya zuwa bayan kunne. Na gaba suka gani, suka taɓa na kusa da su, sahun ya fara warwarewa. Liman ya sauke hannuwansa.

Ammi Awadulkarim ya taso a hankali ya zo gabanta. Idanunsa sun yi ja. Ya dubi audugar, ya dubi zinariyar.

"Ba labari kika samo ba?"

"Ido na je gyarawa, Yaya. Laifina da ban faɗa maka ba."

Ya juya ya kalli jama'ar, da tukwanen da ke kan wuta, ya sake juyowa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Uwar Ihlas, ga mutane sun taru. Ki bari a gama. Ƙanena ne. Ni na koya masa tafiya. Ina tsoron in mutu ban yi masa salla ba."

Na ji hannunta ya matse kafaɗata. Na ɗauka za ta karaya, domin ni kaina na karaya.

"Na sani, Yaya. Ka kawo min wanda ya wanke shi, ko wanda ya tsaya a kan kabarinsa. Ranar nan ni zan aika a kira mai cirewa, ba sai ka roƙe ni ba. Amma ba zan binne mutum don maƙwabciya ta ga hancina ba."

"Har yaushe za mu jira?"

"Ban sani ba. Da na sani da na faɗa maka."

Suka tsaya haka, dattijo da matar gida, jama'a na kallo. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "To, Awadulkarim, me za mu yi da taron nan?"

Yumma ce ta amsa, idonta na kan Ammi. "Rago dai ya riga ya tafi, ba za a mayar masa da rai ba. A ci, sadaka ce. Kuma tunda hannuwa sun saba ɗaguwa yau, Malam, a yi masa addu'ar da ake yi wa matafiyi."

Liman ya dubi Ammi, domin shi ne babba. Ammi ya ɗaga tafukansa, sauran maza suka bi. Aka roƙi Allah ya naɗe wa Dafalla nisan hanya, ya tsare shi inda yake, ya dawo da shi ga iyalinsa. Matan da ke bayanmu, waɗanda suka wuni suna kukan mutuwarsa, su suka fi kowa ƙarfin amin.

Da aka shafa, Ammi ya ce wa samari su sauke rumfar, a kai abincin ƙarƙashin bishiya. Ya sa hannu a aljihun jallabiyarsa ya ciro hankici, ya miƙa wa Yumma.

"Goge hancinki, matar ƙanena," ya ce. "Yana jini."